Sunana a Takardar A-kori-kura

Ranar da yayana ya shigo Bodinga da motar, ina kan keken ɗinki ina haɗa wuyan wata riga. Na ji hon a ƙofar gida, na ji mata sun ɗauki guɗa, amma ban tashi ba sai da na kai ƙarshen ɗinkin, don kada a ce zumuɗi ya kwashe ni. Da na fita sai ga ta, farar a-kori-kura ta hannu, wadda ta sha duniya tun kafin ta san akwai wani gari wai shi Bodinga. Ƙofar direba ba ta rufuwa sai an ɗaga ta an buga. A bayanta akwai rubutun Yarabanci wanda har yau ban san abin da yake cewa ba. Ni dai a idona babu mota irinta a duk ƙasar Sakkwato.

Tawa ce. Wannan nake so a riƙe tun daga farko. Shekaru na yi ina taka keke har bayana ya ƙage, ina zubin adashi, ina turke raguna daga wannan layya zuwa waccan. Yaya kuwa direba ne, a Shagari yake zaune, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan motocin mutane. Muka yi shawara in saya, shi ya riƙa ja, yana ɗauko albasa da tumatir daga fadamun Danchadi yana kaiwa kasuwanni. Ya bi motar albasa har Legas, inda aka ce motocin hannu sun fi sauƙi, ya zaɓo ta, ya tuƙo ta da kansa har gida. Ban taɓa raina wannan wahala tasa ba, kuma ba zan raina ba.

Maigidana malamin allo ne, shi ya ja addu'a, aka raba goro da dabino, kowa ya taɓa jikin motar ya sa albarka. Da mutane suka watse na ce Yaya ya ba ni takardun in gani. Ya zaro su daga wata baƙar leda yana murmushi, irin murmushin da ake yi wa yaro ya ce a ba shi jarida. Na yi firamare, na kuma yi yaƙi da jahilci bayan aure, ina iya bin rubutu a hankali. Na ga takardar kwastan. Na ga tsofaffin takardun mutumin da ya riƙe ta a Legas, duk wa'adinsu ya ƙare. Sai na zo kan takardar ciniki, na bi ta da yatsa daga sama har ƙasa.

Na ce, "Yaya, ban ga sunana ba."

Ya ce, "To ke kina can? Ni nib ba da kuɗɗi hannu da hannu, ni anka rubuta. Mi suna ka yi? Kowa ya san motakki ta."

Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi a kan wannan magana. Na taɓa jin ta, kuma na ga inda ta kai.

Innarmu ta gaji shanu daga mahaifinta. Kamar yadda mata ke yi a wajenmu, ba ta ajiye su a gida ba, ta ba wanta kiwo a Horo Birni, suka shiga garkensa. Kawu mutumin kirki ne. Duk shekara yana aiko mata da man shanu da labarin wadda ta haihu. Kowa ya san shanun Inna, har da mai farin goshin nan da muke cewa tamu ce. Sai Kawu ya rasu. Aka zauna rabon gado, aka ƙirga garke gaba ɗaya. Dattijan da suka san zancen, wasu sun riga shi tafiya, wasu suka sunkuyar da kai. Inna kuwa kunya ta hana ta buɗe baki ta yi jayayya da marayun ɗan'uwanta ana cikin makoki. Bayan zana ta zauna tana kuka a hankali, maza suna rabo a waje. Ni da Yaya muka rako ta gida a ranar. Har ta koma ga Allah ba ta sake cin man shanu ba.

Tsarin Yaya mai sauƙi ne. A bar motar da lambarta ta Legas, wai ta fi kwarjini a hanya, kuma in an tashi sayarwa ta fi daraja. Takardu kuma akwai dillalan da ke zama gindin bishiya a birni, su sabunta maka komai ba tare da ka taka ƙofar ofis ba, har da inshora. Na tambaye shi mene ne amfanin inshorar. Ya ce takarda ce da ake miƙa wa masu tare hanya su duba su ɗaga maka hannu. Ya rataye makullin a ƙusar zaurenmu, ya ce zai dawo da zarar ya haɗa da dillalinsa. Yana fita na sauke makullin na jefa shi cikin aljihun kekena, wajen allurai da maɓallai.

Na shiga motar haya na tafi birni ni kaɗai. A bakin ofishin da ake yi wa motoci rajista dillalai suka yo kaina.

"Hajiya, ina mai gidan? Kawo a taimaka miki."

Na ce mai gidan yana can yana koya wa yara karatu, ni aka aiko, kuma ni na aiko kaina. Na wuce ciki, na bi layi da maza, ana satar kallona. Ma'aikacin da na samu ya duba takardun, ya yi mini bayani dalla-dalla. In ina son motar ta zama tawa a hukumance, sai wanda sunansa ke takardar ciniki ya sa hannu cewa ya miƙa mini ita. Sannan in kawo hotona, in biya harajin hukuma, a ba ni sabuwar lamba ta jiharmu. Inshora kuma iri biyu ce a aikace, in ji shi. Akwai ta gindin bishiya, wadda babu kamfanin da ya san da ita. Akwai ta gaske, wadda in motata ta yi wa wani ɓarna kamfani zai shiga cikin biyan diyya. Ta gasken ta fi tsada nesa ba kusa ba. Na ce ita nake so.

Washegari na sauka Shagari. Na gaishe da matar Yaya, na sha ruwa, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na faɗa masa abin da ya kawo ni. 

Ya ce, "Wato in sa hannu, ni, cewa na miƙa miki abin da ban taɓa cewa nawa na ba? Ɓarawo kinka ɗauke ni?"

Na ce, "Kawu ma ba ɓarawo na ba, Yaya."

Fuskarsa ta canza. Ya san inda na dosa, kuma ya ji zafinta. Ya ce shi ya kwana a tashar Legas sauro na cinsa, shi ya shiga ƙarƙashin mota ya duba, shi ya ratso dazuzzuka da ransa a hannu, ga sakayyar da ya samu. Duk gaskiya ya faɗa. Sannan ya nuna ni da yatsa.

"Ke ba ki san hanya ba. Randa wani abu yaf faru, sunan da ag ga takarda shi aka biɗa. Kina iya tsayawa gaban maza a yi shari'a da ke? Rufa miki asiri nika yi."

Na ce, "In ranar ta zaka, ni ka tsayawa."

Ya ce to in ci motata. Na ce da ma tawa ce.

Haka motar ta zauna a ƙofar gidanmu, ana tsakiyar kakar albasa. Motocin wasu suna wucewa shaƙe da buhuna, tawa awaki sun mai da ƙarƙashinta wurin hutawa. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya kawo nasiha a kai. Goggonmu ta zo takanas ta ce na kunyata gidanmu, ina aka taɓa jin mace ta kai hotonta ofis, maza suna juya shi a hannu? Na ce mata hoton nan shi na kai aka yi mini katin zaɓe, a lokacin ba wanda ya ce na kunyata kowa. Wasu suka ce ai sai a sa sunan maigidana, a raba gardama. Shi kuwa bawan Allah ya ce shi ko keke bai iya ba, kada a rataya masa mota. Bai goyi bayana a fili ba, bai kuma ce in miƙa makulli ba. Na gode masa da wannan shirun har gobe.

Kada a ɗauka daɗi nake ji. Duk safiya sai na leƙa na ga motar a inda take. Gumina ne ke tsaye rana na dukansa, kuma na san gidan Yaya ya fi nawa buƙatar ta motsa, don ya riga ya ajiye motar da yake ja wa wani. Ina son yayana. Shi ya goya ni ya ƙetare da ni gulbi muna yara. Amma duk lokacin da hannuna ya kai ga aljihun keken, sai in ga Inna a bayan zana, sai in mai da shi in rufe.

Shi ya fara gajiya. Ya zo wata safiya, bai shigo cikin gida ba. A zaure ya zauna, maigidana ya kai masa takardar, ya sa hannu, ya ce a miƙo makulli. Na ce sai an gama. Na koma birni na biya haraji, aka ɗauki hotona, na yanki inshora ta gaske a ofishin kamfani, inda aka ba ni kujera na zauna. Ranar da aka kwance lambar Legas aka ɗaura ta jiharmu, na tsaya a kan makanikin har ya ɗaure ƙusa ta ƙarshe. Na karanta sunana a takarda ban san sau nawa ba. Sannan na aika wa Yaya makulli.

Ya karɓa, ya ci gaba da aiki, bai taɓa cin ko kwabona ba. Rabona yana isowa ta hannun matarsa. Amma ya ɗauke ƙafa daga gidana. In mun haɗu wajen suna ko ta'aziyya, sai ya amsa gaisuwata a taƙaice yana kallon wani wuri. Na samu motar, na rasa wana. Wani lokaci ina ɗinki hawaye na sauka kan yadin mutane, in share in ci gaba. Ban je ba shi haƙuri ba, don ban ga laifin da na yi ba.

Da damina ta sauka, wata rana da hantsi aka kira ni a waya. Ba muryar Yaya ba ce. Wani ne ya ce daga wani ƙauye yake kusa da Dandin Mahe, motata ta buge saniya, mai gari yana neman mai mota. Na tambayi direba, ya ce lafiyarsa lau, fitila ce kawai ta fashe. Na yi hamdala, na ɗauki ledar takardu na sa mayafi. Maigidana ya ce ko ya raka ni. Na ce a'a, na yi wa Yaya alkawari ni zan tsaya.

Na tarar da maza zaune kan tabarmi a ƙofar gidan mai gari, motata a gefe da ido ɗaya. Saniyar ta karye ne a ƙafa biyu, an riga an yanka ta kafin ta mutu, mahauta sun kwashe naman a wulaƙance. Ban ga mace ko ɗaya a wurin ba. Mai gari ya ɗaga kai ya dube ni, ya dubi bayana ko akwai mai biyo ni.

Ya ce, "To ina mai motar?"

Yaya ya nuna ni da haɓa. "Ga ta nan, ranka shi daɗe. Sunanta ag ga takarda."

Ban san ko don ya ƙona mini rai ya faɗa ba.  Na tuɓe takalmi, na durƙusa daga gefen tabarma.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ni ta. Allah shi ba mu haƙurin juna."

Aka ɗan yi gunaguni, sannan aka shiga magana. Makiyayin, wani magidanci mai sanyin murya, ya faɗi yadda shanu suka ɓullo kan titi bayan an ɗauke ruwa. Yaya ya faɗi nasa, bai ɓoye komai ba. Na ce motata tana da inshora, na riga na kira kamfanin a hanya, sun ce a ɗauki hoto, a rubuta yadda abin ya faru da sunan mai dukiyar, mai gari ya shaida. Wani ya yi dariya ya ce takardar masu tare hanya ce za ta biya saniya? Na ce tasa ce ta masu tare hanya, tawa daban ce.

Magatakardan mai gari ya ɗauko biro, makiyayin ya fara faɗin sunansa. A lokacin ne na ji shi. Daga bayan zanar gidan da ke kusa, wata tana kuka, ba da ƙarfi ba, irin kukan da ake danne shi da gefen zane. Na san wannan kukan. 

Na ce, "Wa ka kuka can?"

Makiyayin ya ce, "Goggona ta. Tsuhwa na, ƙyale ta."

"Saniyar wa ta?"

"Cikin garkena take."

Na ce, "Malam, ban tambaye ka inda take ba. Ta wa ta?"

 Wani dattijo ya ce Hajiya ki yi a hankali, nan ba Bodinga ba ce. Na ce masa na sani, amma motar Bodinga ce ta yi ɓarnar, kuma ba zan sa hannu a kan komai ba sai na ga mai kukan. Sai mai gari ya ce a kira ta.

Ta fito, 'yar ƙaramar tsohuwa, ta tsuguna nesa da tabarma tana kallon ƙasa. Mai gari ya tambaye ta. Ta ce ita ba ta da magana, ɗan ɗan'uwanta ai ɗanta ne, abin da ya ce shi ke nan. Ya sake tambayarta. Da ƙyar muryarta ta fito.

"Ranka shi daɗe, ita ɗai ag gare ni. Kowa ya san tawa ta."

Na juya na dubi Yaya. Kansa na ƙasa, yana jan zaren tabarma.

Makiyayin ya ce shi ba cin amana ya nufa ba, da an biya shi zai saya mata wata ya sa a garke. Na yarda da shi har zuciyata. Na ce masa ban zarge shi da komai ba, Allah ya ja kwanansa, amma sunanta za a rubuta. Aka rubuta. Ta dangwala yatsa tana tambaya ko wani laifi ta yi.

Kamfanin inshora bai biya da gudu ba. Na yi ta zarya birni har masu gadin ƙofa suka san ni, suna cewa ga Hajiyar saniya ta iso. Yau a ce hoto bai fito ba, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ni kuwa na saba jiran mai ɗinki ya zo karɓar kayansa, zama ba ya ba ni tsoro. Sai da aka fara girbin gero kuɗin suka fito, kuma ba su kai saniya ba. Na haɗa da na naman, na cika daga aljihuna.

Ranar kasuwar Shagari na aika aka ɗauko tsohuwar. Ita ta zagaya kara, wajen sayar da shanu, da kanta, ta zaɓi wata jar karsana, ta buɗe bakinta ta duba, ta shafa bayanta. Aka ɗora karsanar a bayan a-kori-kura aka ɗaure. Yaya ne a sitiyari, don babu wani direban. Ya leƙo ta taga, kuma wannan ce magana ta farko da ya fara yi mini da kansa tun ranar da na je gidansa.

"Garke za a kai ta?"

Na ce, "Ba tawa ba ta. Tambayi mai ita."

Na zaci zai yi tsaki. Sai ya ɗaga ƙofar nan mai gardama ya fito, ya zagaya, ya rage tsawo a gaban tsohuwar ya tambaye ta. Ta ce a ƙofar ɗakinta take so a kafa turke, inda za ta riƙa ganinta. Can muka kai ta. Yaya da kansa ya buga turken.

A hanyar dawowa daga ni sai shi a gaban mota. Muka yi ta wuce gonaki, ƙofar nan tana ta ƙara. Mun kusa Bodinga ya yi gyaran murya, idonsa na kan titi.

"Kin tuna mai hwarin goshin nan ta Inna?"

Na ce na tuna.

Ya ce, "Ni nir riƙe igiyatta randa anka raba."

Na juya fuskata wajen taga, don na rantse ba zai ga hawayena a kan wannan magana ba. Ya tsaya a ƙofar gidanmu, ya kashe mota. Maimakon ya jira in sauka ya wuce kamar yadda ya saba, sai ya zare makulli ya biyo ni har tsakar gida, ya ja kujerar da ke kusa da kekena ya zauna, ya ce a ba shi ruwa. Ya sha, ya ajiye kofin.

Ya ce, "Takardun sun kusa ƙarewa. Ki shirya in kai ki birni ki sabunta abinki."

Na ce masa ina sane, ni ma na iya karanta kwanan wata. Sannan na shiga ɗaki na ɗebo masa tuwo, na zuba masa man shanu da yawa.